Kayan Hafizu Ba Su Taso Ba

Unguwar Zariya, Maraɗi
Ranar Alhamis, tsakiyar damina

Zuwa ga ƙanena Hafizu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka da duk wanda kuke zaman arziki da shi a can Kanada. Allah Ya kare ka daga sharrin baƙunta, Ya sa albarka a cikin aikin da ka sa gaba, Ya maido mana da kai lafiya, amin. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Baba yana nan da ƙarfinsa, in ban da gwiwar nan tasa da ke motsawa duk lokacin da hadari ya haɗu. Likita ya ce ya riƙa sallah a kan kujera, ya ce ya ji, kuma ka san abin da jin Baba yake nufi. Maigidana Zakari yana gaishe ka, ya ce har yanzu yana jiran rigar sanyin da ka yi masa alkawari, ko da yake ni ban ga ranar da zai sa ta a garin nan ba. Yara suna hutun lakwal, an rufe makarantu, sun cika mini gida da shagon ɗinki da hayaniya. Gwaggo Mariyam ta aiko daga Tsibiri cewa sun gama noma na biyu, gero ya yi baƙi ƙirin, sai fatan Allah Ya kai mu kaka. Gulbi ya kawo ruwa, kwatocin unguwa sun cika sun batse, sauro kuwa ya dawo mana da danginsa kaf.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna, ni da ko saƙon waya sai in danna in yi magana. Dalili shi ne a waya ka fi ni wayo. Da zarar na taɓo maganar da ke raina sai rezon waya ya lalace a wajenka, ko kuma a ce ana jiran ka a labo, ɗakin binciken nan naku. To, takarda ba ruwanta da rezo. Zan ɗauki hotonta in tura maka, ka karanta ta har ƙarshe, in ka ga dama ka yi fushi da ni daga baya. Kwanakin nan ko keken ɗinki na zauna a kai ba na iya haɗa layi guda a miƙe. Jiya na ɗinke wa wata baiwar Allah hannun riga a baibai, sai da ta zo gwaji muka gani, ta yi ta dariya, ni kuwa na rasa abin dariyar. Maganar ɗiyarka ce, Hafizu. Ummi lafiyarta ƙalau, kada gabanka ya faɗi. Ta fara rarrafe, haƙora sun fito mata a ƙasa, tana cizon duk wanda ya ba ta yatsa. Amma har yau ba a yi mata allurar rigakafin masassarar cizon sauro ba, wadda aka fara yi wa jarirai a likitar unguwa, asibitin nan namu, alhali sa'o'inta sun yi ta farko har wasu sun koma ta biyu. Baba ne ya hana, kuma saboda kai ya hana.

Ka tuna ranar sunanta, bayan an watse daga walima, da muka zauna a rumfar tsakar gida, Baba yana kan dardumarsa, abokansa na kasuwa suna kewaye da shi, ga Chaibu mai kula masa da lambun Jiratawa a bakin tabarma. Ni ina daga ƙofar ɗaki ina kasa goro. Wani a cikinsu ya tambaye ka wai me kake yi a can da ya hana ka zama gida, sai ka gyara zama ka shiga bayani, idonka har yana ƙyalli. Da ka ga ba su gane ba sai ka waiwayo ka yi misali da sana'ata, shi ya sa har yau ban manta ba. Ka ce rigakafin da aka saba da shi kamar a ɗinko guntun rigar ƙwayar cutar ne a kawo wa jiki, sojojin jiki su gan ta su shaida mai ita. Naku kuwa, wanda kuke kira na DNA, ko ADN a bakin 'yan lakwal ɗinmu, ba riga ake aikawa ba, takardar awo da zanen ɗinkin ake aikawa, jikin mutum da kansa ya ɗinka guntun rigar ya rataye a ƙofa. Ka ce daga nan runduna biyu ke tashi. Akwai masu tsare hanya a cikin jini, su cafke cutar tun sauro yana zubo ta, akwai kuma masu bin hanta ɗaki ɗaki su rushe duk inda ta ɓuya kafin ta hayayyafa. Ka ce wannan ta biyun ita ce ta hana ka barci don murna. Ka ƙara da cewa irin naku bai cika damuwa da firigo ba, zai iya jure tafiya har ƙauyen da babu wuta. Sannan ka ciro waya ka nuna musu hoton wata 'yar kwalba a tafin hannunka.

Ni abin da na ji a ranar shi ne ƙanena yana neman wani abu mai kyau, Allah Ya ba shi sa'a. Baba kuwa ba haka ya ji ba. Ya karɓi wayar ya daɗe yana duban kwalbar nan, ya miƙa wa na kusa da shi, ta zagaya hannu hannu. Kai ka bar gida tun kana yaro, daga wannan makaranta zuwa waccan, ba ka zauna a shago ba, shi ya sa ba ka lura da abin da ya faru a gabanka ba. Samfur ka nuna musu. A duk shekarun da Baba ya yi yana kawo kaya daga Kwatano da Lome da Dubai, ba a taɓa nuna masa samfur ba face kayan suna bisa ruwa, ko suna jiran takardun duwan, wato kwastan. A wajensu mutumin kirki ba ya fito da samfur a gaban dattawa sai kaya sun taso. Da Baba ya tambaye ka yaushe za su iso, ka yi dariyar nan taka ta jin kunya ka ce in Allah Ya so an kusa. Na san ladabi ka yi, ba ka so ka kwance wa Baba murnarsa a gaban baƙi. Amma kana tashi ya dubi abokansa ya ce su shaida, shi da gidansa sun riƙe na ɗansa.

Sauran kuma ka san shi, don a cikinsa muka tashi. Gidan Baba ba ya amfani da kayan wani muddin ɗan gida yana da irinsu. Ka tuna shekarar da ya kawo koren sabulun nan mai cin hannu? Mun yi wanka da shi har fatarmu ta yi furu-furu, kai kana kuka duk safiya, marigayiya Inna ta ɓoye wani mai ƙamshi a ƙasan akwatinta. Ranar da ya ji ƙamshin a jikinta bai yi faɗa ba, tambayarta kawai ya yi, in 'yan kasuwa suka ji ƙamshin sabulun wani a gidan mai sabulu, wa zai ƙara sayen nasa. Da kanta ta fito da shi ta ba maƙwabta. Wannan dokar ce yau ta hau kan Ummi. Kada ka ɗauka Baba ya koma cikin masu gudun allura. Shi ne fa mai tara jikoki a zaure in masu ɗigon shan inna sun zo, shi ke tsawata wa maƙwabtan da ke ɓoye nasu. Duk sauran alluran da ke cikin karnen Ummi an yi mata su a kan lokaci, da motarsa aka kai ta. Ƙwayoyin damina da ake bi gida gida ana ba yara ma ya ce a ba ta, wai wannan magani ne, kai kuwa ba magani kake yi ba. Layi guda ne kawai a karnen nan ya ce kada a taɓa, wai wurin ubanta ne. Cewa ya yi in aka ji ɗiyar mai rigakafi ta je ta karɓi na wasu, an kashe maka kasuwa tun kayanka ba su sauka ba, kuma ba da hannunsa za a yi maka wannan ba.

Matarka Habsatu tana cikin wani hali, kuma ba za ta faɗa maka ba. Yarinya ce mai kunya, a gaban Baba ko ɗaga ido ba ta yi, balle ta ce masa ga abin da take so a kan 'yar fari, wadda ko sunanta ba ta kamawa a gaban mutane. Duk ranar awo majo, babbar ma'aikaciyar jinya, sai ta tambaye ta dalilin da layin nan yake fayau, ta ce mata akwai iyakar watannin da ake fara ta, in yarinya ta wuce shi ke nan. Habsatu sai ta sunkuyar da kai ta ce sai ta yi shawara da gida. Ta dawo ta same ni a shago, ta zauna a kan buhun ƙyallaye da yarinya a cinya, ta yi ta juya karnen a hannu. Yanzu ko Ummi ta yi ɗumin barci sai ta aiko a kira ni. Ta rame, Hafizu. In kuna magana ta bidiyo ka dubi wuyanta da kyau, kada ka tsaya a kan murmushin.

Ni na gwada nawa. Na sami Baba bayan la'asar, na durƙusa na yi masa bayani a hankali, na ce wannan da ake yi yanzu ba kishiyar naka ba ce, kai ma da kana nan da kanka za ka kai ta. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko kai ka aiko ni. Na ce a'a. Ya ce to in koma in ci gaba da ɗinkina. Na hau kabu-kabu har Tsibiri na ɗauko Gwaggo Mariyam, tunda ita kaɗai ce ke iya ce masa Maman gatsau ba tare da Alhaji ba. Ta zo ta wanke shi tas, ta ce masa tsufa ya fara taɓa masa kai, jikin jinjira ba shago ba ne. Ya bar ta ta yi ta faɗa har ta gaji ta nemi ruwa. Abin da ya ce mata shi ne ya riga ya ba da baki a gaban mutane, kuma wanda ya riƙe kayan wani ba ya juyawa ya karɓi na wani sai mai kayan ya sallame shi da bakinsa. Ya ce ba 'yar'uwar mai kaya ke sallama ba, ba gwaggonsa ba, sai shi kansa. In Hafizu ya ce kayansa ba su taso ba, a ranar zai sa a kai yarinya. Gwaggo ta koma Tsibiri tana ta sababi, ta ce in gaya maka kai da ubanka duk jirgi ɗaya ya kwaso ku.

To ga inda nake jin haushinka, kuma gara in faɗa maka a fili. Duk Juma'a kana kiran Baba, duk Juma'a yana tambayar ka labarin kaya, kai kuma kana ce masa ana ci gaba, alhamdu lillahi. Amma ni ka gaya mini gaskiya, ran nan da na same ka a gajiye muryarka ta dushe. Ka ce a jikin ɓeraye abin gwanin sha'awa ne, rundunonin nan biyu suna tashi da ƙarfinsu. Amma waɗanda suka riga ku gwada irinsa a jikin mutane sun tarar takardar awon ba ta cika isa hannun telolin ba, sojojin da ke tashi kaɗan ne, kuma ba su daɗewa sai su koma su kwanta. Ka ce shi ya sa wasu ke ɗan jona wa wurin allurar lantarki don takardar ta shige, wasu kuma su fara da naku sannan su biyo da wani iri daban don ya tuna wa jiki. Ka ce naka bai ma bar ɗakin ɓeraye ba, ko birai bai kai ba, balle mutum, balle jariri. Na tambaye ka saura yaushe, ka ce shekaru, kuma mai yiwuwa ne a ƙarshe a ce bai yi ba a koma baya. Ban ji ka ragu a idona ba ko kaɗan da ka faɗi haka. Na ma fi ganin girmanka, don na san mai yin abin da ba a taɓa yi ba dole ya ɓata yadi da yawa. Amma me ya sa abin da ka iya gaya wa Yayarka ka kasa gaya wa mahaifinka? Na san amsar. Kana jin yadda yake kiran sunanka a masallaci da kasuwa, ba ka so ka zama wanda zai sauke shi daga wannan farin ciki. Ni ma ba na so. Sai dai abin ya wuce farin cikin Baba yanzu.

Chaibu yana wurin ranar da ka nuna kwalba, na faɗa maka. Matarsa ta haihu mako guda da Habsatu, namiji, aka sa masa Idirisa. Da aka fara allurar a wajensu ya ce shi ma ya riƙe na ɗan Alhaji, ba zai ci amanar gidan da ya yi masa komai ba. Ba wanda ya sa shi, Baba bai ce masa ya yi ba, amma ka san mutanenmu, inda babba ya taka nan suke takawa. Na ji an ce akwai wasu gidajen masu lambu da suka bi sahunsa. Kuma ka san Jiratawa, ruwan kanal na ban-ruwan lambu ba ya yankewa, su sauronsu ba ya jiran damina. Makon jiya zazzaɓi ya kama Idirisa. Suka ba shi abin da ke gida, suka ce haƙori ne. Washegari da hantsi ya fara sanƙarewa, idanu suka kafe. Chaibu ya kira Baba yana magana ba a gane abin da yake cewa, Baba ya tura Shamsu direba ya ɗauko su. Ni na tarye su a likita. Ban taɓa ganin tafin hannun yaro fari fat irin wannan ba. Aka ce masassarar ta shanye masa jini, sai an ƙara masa, Zakari da Shamsu suka ba da nasu. Allah Ya yi da sauran kwanansa a gaba, ya farfaɗo, yana kama nono. Amma har jiya da na koma duba shi, in uwarsa ta tafa hannu a gefen kunnensa ba ya waiwayowa. Likita ya ce a ba shi lokaci, wasu suna dawowa daidai.

Ba na ce da an yi masa allurar nan da bai kwanta ba. Majo da kanta ta ce ba ta tare duka, ragewa take yi, kuma ba ta ɗauke wa kowa kwana cikin sange, gidan sauro. Kai ka fi ni sanin wannan, kuma ciwo da lafiya duk na Allah ne. Ban kuma rubuto don in ɗora maka alhakin yaron nan ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne abin da Chaibu ya faɗa a bakin ƙofar likita, da Baba ya je dubiya yana dogara sanda. Ya durƙusa ya yi ta godiya, ya yi wa Baba addu'a, ya yi maka addu'a. Sannan ya roƙi Baba in ka kira ya gaya maka ka ɗan hanzarta, kuma in kayan sun iso a taimaka a sa Idirisa a farkon layi, tunda shi ya riga ya ɗanɗana. Da zuciya ɗaya ya faɗa, babu gugar zana a ciki. Baba ya juya ya nufi mota. 

Tun ranar Baba ba shi da zama wuri ɗaya. Tuwon dare sai dai a ɗauke shi yadda aka ajiye. Ya sa an kawo yashi an cike kududdufin ƙofar gida, ya sa an sare ciyawar bayan katanga, ya sayo sabon sange alhali na ɗakin Habsatu ko huda babu. Da ka san wasansa da Ummi, amaryata kaza, amaryata kaza, wai ta ƙi yi masa tuwo zai sake ta. Yanzu in an kawo masa ita wasan a baki ne kawai, hannunsa yana kan goshinta, daga goshi ya koma wuya, ya ɗaga fatar idonta ya duba, yana yi kamar kwalli yake dubawa. Sunan Inna gare ta, Hafizu, Halimatussa'adiya, ka san abin da take a wajensa. Shekaranjiya ya kira ni gefe ya tambaye ni, murya ƙasa ƙasa, ko ka taɓa ambata mini rana. Na ce ya tambaye ka da kansa. Ya ce ba a matsa wa mai kaya, in an matsa masa sai ya ɗauka an raina shi. Ka ga inda kuka tsaya ke nan, shi yana jin nauyinka, kai kana jin nauyinsa, yarinya kuma tana kwana a tsakaninku da sauro a bakin taga.

Kada ka ce don me ban saɓa ta na kai ta a ɓoye ba. Na yi wannan tunanin har na gaji. Allurar ba guda ba ce, sai an koma an sake komawa, kuma karne ba ya ɓoye abin da aka rubuta a cikinsa. Ranar da ya fito Habsatu ce za ta sha kunyar, ita da ke zaune a gidan. Ban da haka, in na kai Ummi a ɓoye na fitar da Ummi kaɗai, 'ya'yan masu lambun Jiratawa suna nan suna jiran jirginka. Su ba maganata za su ji ba, ta Baba za su ji, Baba kuma taka yake jira. Amma ina so ka sani na yanke shawara, kuma Zakari ya ce yana bayana. In Talatar nan mai zuwa ta wuce ba ka yi magana ba, ta gaba zan shiga gidan da rana tsaka in goya Ummi in fita ta zaure a gaban Baba da duk wanda ke zaune tare da shi. Ban taɓa tsallake maganarsa ba tunda aka haife ni, kuma na san in na yi haka a gaban mutane wani abu zai karye a tsakaninmu wanda ba lalle ya ɗoru ba. Ina tsoron ranar nan ƙwarai. Kada ka bari ta zo.

Abin da nake roƙon ka ba shi da yawa. Ba sai ka yi masa dogon bayanin sojoji da hanta ba, ba sai ka nemi gafara ba, don ba laifi ka yi ba. Ka yi masa magana da harshen da ya sani. Ka ce Baba, kayana ba su taso ba, kuma ba bana ba, ba baɗi ba, na sallame ka, a karɓi wanda ke ƙasa. In ka ga dama ka ƙara da cewa masu wancan ɗin abokan aikinka ne, gaba ɗaya kuke yaƙin, wannan zai ba shi abin da zai faɗa wa abokansa ya fita kunya. Zai yi shiru, wataƙila ya ce maka to madalla ya kashe waya, wataƙila ya kwana biyu bai ambaci sunanka a masallaci ba. Za ka iya ɗaukar wannan. Ka ɗauki sanyin ƙasar nan da kaɗaici shekara da shekaru saboda 'ya'yan mutane da ba ka taɓa gani ba, ba za ka kasa ɗaukar shirun Baba saboda taka ba.

Bari in gaya maka abu na ƙarshe, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar Talata ce ake yin allurar a likitar unguwarmu, daga safe zuwa kusan azahar. Talatar da ta wuce na biya gidan da sassafe zan tafi shago, sai na tarar da mota a ƙofar gida an wanke ta, Shamsu yana zaune a kan benci. Na tambaye shi ba su tafi kasuwa ba, ya ce Alhaji ya ce yau kada motar ta je ko'ina, kada shi ma ya yi nisa, bai kuma faɗi dalili ba. Na shiga na tarar da Baba a zaure cikin manyan kaya, da hula da sanda a gefe, waya a kan gwiwarsa. Habsatu ta ce tun asuba ya aiko a yi wa yarinya wanka a sa mata kaya masu kyau. Na kasa tafiya shagon, na zauna a tsakar gida ina leƙensa. Duk wanda ya kira shi sai ya duba sunan ya ce zai kira daga baya. Haka ya zauna har aka kira azahar, sannan ya ce wa Shamsu ya mai da mota cikin gareji, ya tashi da ƙyar ya tafi alwala. Yau da safe Shamsu ya gaya mini an riga an ce masa Talata mai zuwa ma kada ya yi nisa.

Gwaggo Mariyam tana gaishe ka duk da faɗan da ta aiko. Zakari da yara suna gaishe ka, Chaibu da maiɗakinsa sun ce a gaishe ka da aiki, ka sa Idirisa a addu'a. Habsatu ba ta san na rubuto ba, in ka kira ta kada ka nuna mata, ka dai tambaye ta ko tana cin abinci. Ummi ta ciji gefen takardar nan, wurin da ka ga ya jiƙe, ka ɗauke shi a matsayin tata gaisuwar. Ka gaishe mini da mutanen gidan da kake zaune da abokan aikinka, har da ɓerayen, tunda su suka fi mu ganin ka. Allah Ya cika maka burinka, Ya sa wata rana in ga 'yar kwalbar nan a hannun majo in ce ta ƙanena ce. Na lissafa, asubarku ita ce hantsinmu. In ka sallame sallah ranar Talata kada ka koma barci, Baba yana zaure da waya a kan gwiwa, kuma ba a rufe layin allura sai azahar.

Wassalam, taka har kullum,
Yayarka Rahmatu